Kada Mu Raina Ruwan Bunu



Da wuya a samu abin sha da ya shiga rayuwarmu kamar shayi. Da shi muke karya kumallo, da shi ake hirar dare a teburin mai shayi, shi ake miƙa wa baƙo, shi ne abokin mai gadi da direban dogon zango da marubucin da bacci ya ƙaurace wa. Sai dai da za a tare mutum goma a tambaye su yadda ganyen shayin kansa yake a baki, ba madarar ba, ba sukarin ba, ba cittar ba, za a ga an fara kallon-kallo. Shayin da ba a sa masa madara ba har suna muka laƙaba masa na raini, wai ruwan bunu, abin da ake sha idan aljihu ya yi sanyi.

Ra'ayinmu a wannan mako shi ne wannan raini bai dace ba. Ganyen shayi yana da ɗanɗano nasa na kansa, ɗanɗanon kuma yana bin wurin da aka noma shi, musamman tsayin wurin da sanyinsa. Mutanen da ke shan shayi kamar yadda muke sha ya kamata a ce harshensu ya iya rarrabe mai kyau da na banza. Rashin iyawar yana jawo asara iri biyu: mai saye yana biyan kuɗi a kan duk abin da aka ƙulla masa, manomin da ke kan dutse mai sanyi kuma ba ya cin ribar sanyin nasa.

Bari mu fara da itacen. Baƙin shayi da koren shayi duk daga itace ɗaya suke fitowa, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Yadda aka sarrafa ganyen bayan an tsinko shi ne ke raba su. Itacen yana da manyan iri biyu: na Sin mai ƙananan ganye, mai jure sanyi, da na Assam mai faffaɗan ganye, mai son zafi da laima. A ƙasa mai zafi itacen yana tofo da sauri, ganye ya yi yawa, ruwansa ya fito ja wur da ƙarfi. A kan dutse kuwa, inda dare ke da sanyi kuma hazo ke tare rana, tofon yana tafiya sannu a hankali. Ganyen da ake samu kaɗan ne, amma ƙamshin da ya taru a cikinsa ya fi yawa kuma ya fi laushi. Manomi yana asarar yawa, yana samun inganci.

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar Darjeeling, a jihar Bengal ta Yamma da ke Indiya, a gindin duwatsun Himalaya. Wani likitan Birtaniya mai suna Archibald Campbell ne ya fara gwada shuka shayi a can a shekarar 1841. Bayan 'yan shekaru, kamfanin Turawan Ingila da ke juya Indiya a lokacin ya tura Robert Fortune ƙasar Sin a 1848, ya kwaso tsirrai da iri da ma'aikatan da suka san sirrin sarrafa ganyen. A yau akwai gonaki 87 da doka ta yarda su kira shayinsu da sunan Darjeeling, a kan gangaren da ke tsakanin mita 600 zuwa wajen mita 2,000 daga doron teku. Duk abin da suke fitarwa a shekara bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na shayin Indiya ba, amma sunansu ya fi na kowa tafiya.

Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, masu shan wannan shayi ba sa tsayawa ga sunan wuri, har lokacin tsinka suke tambaya. Da hunturu itacen yana kwanciya, ba ya tofo. Tofon farko yana fitowa a watannin Maris da Afrilu, ruwansa fari-fari mai ɗan kore, ƙamshinsa kamar na fure da ɗanyar ciyawa, da bauri mai kaifi. Tofo na biyu yana zuwa a Mayu da Yuni, ruwansa ya fi ja, ya fi cika baki, yana da wani ƙamshi irin na nunannen inabi. Wasu ƙananan ƙwari ne ke tsotsar ganyen a wannan lokaci, itacen kuma wajen kare kansa sai ya fitar da sinadaran da ke kawo wannan ƙamshi, abin da a gonar wani ɓarna ce, a nan ya zama riba. Da damina ta sauka ganye yana yawa, ɗanɗano ya ragu, farashi ya faɗi. Sai kuma na kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, mai taushi da ɗan garɗi. Gona ɗaya, itace ɗaya, ɗanɗano huɗu a shekara.

Haka abin yake a Siri Lanka, inda suka raba shayinsu gida uku bisa tsayin gona. Wanda aka noma sama da mita 1,200 shi ne na kan dutse, kuma na Nuwara Eliya, garin da ke sama da mita 1,800, shi aka sani da haske da ƙamshi. Daga wannan tsibiri ne Thomas Lipton ya sayi gonaki a 1890, sunan da ya zame mana tamkar wani sunan shayi a kasuwanninmu. A Kenya ma, ƙasar da ta fi kowace fitar da baƙin shayi zuwa waje, gonakin suna kan tsaunuka ne irin na Kericho, a wajen mita 2,000.

To me ya sa shayin da muke saya bai cika nuna wannan bambanci ba? Amsar tana cikin masana'anta. Hanyar asali ita ce a tsinko toho ɗaya da ganye biyu na sama, a shanya su yi laushi, a murza, a bar iska ta shige su har su yi duhu, sannan a busar da wuta. Ganyen yana fitowa a murɗe, dogo-dogo, idan aka jiƙa shi sai ya warware a ga siffarsa. Ana bukatar kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen ganye kafin a samu kilo ɗaya na busasshe. A farkon shekarun 1930 kuma wani Bature mai suna William McKercher ya ƙirƙiro na'ura a Assam wadda ke murƙushe ganyen, ta yayyaga shi, ta dunƙule shi ƙanana-ƙanana kamar tsakin gero. Wannan shi ke sakin launi da ƙarfi cikin minti ɗaya ko biyu, shi ne kuma mafi yawan abin da ke cikin 'yan jakunkunan da muke tsomawa a kofi. Manyan kamfanoni suna sayo shi daga ƙasashe daban-daban su gauraya, don ɗanɗanon ya zama iri ɗaya bana da baɗi. Gaurayen nan aikinsa ke nan, ya shafe alamar wuri da ta lokaci.

Wannan irin shayi an yi shi ne domin madara, saboda haka mai shayin unguwa bai yi kuskure ba da yake haɗa mana kauri. Baurin shayi yana fitowa daga wasu sinadarai da ke kama yawun baki su sa harshe ya yi kamar ya bushe, irin abin da ake ji idan an ci ɗanyen mangwaro ko goro. Madara tana kama waɗannan sinadarai ta rage musu kaifi, sukari kuma ya rufe ɗacin. Ganye mai ƙarfi yana jure wannan. Ganye mai laushi na kan dutse kuwa, zuba masa madara da sukari cokali uku tamkar a sayi turare mai tsada ne a fesa a bakin murhu.

Yanzu ga yadda masu sana'ar ɗanɗano ke yi, domin akwai abin ɗauka a ciki. Akwai ƙa'ida ta duniya da aka rubuta a 1980: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a farin mazubi na tangaran, a rufe minti 6. Ba don a ji daɗi ake yin haka ba, don a matso duk abin da ganyen ya ɓoye ne, aibinsa da alherinsa. Suna jera kofuna da yawa a kan tebur. Su duba busasshen ganyen, su shinshina jiƙaƙƙen, su kalli launin ruwan a farin kofi, sannan su ɗebo da cokali su zuƙa da ƙarfi har da ƙara, don ruwan ya watsu ko'ina a baki, ƙamshin kuma ya hau hanci ta maƙogwaro. Daga nan su tofar su wuce na gaba. Mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne, shi ya sa mai mura ke cewa komai salam yake ji.

A gida ba ma bukatar duk wannan. Kofi fari ko na gilashi, ruwa mai kyau, da ɗan natsuwa sun isa. Ruwan rijiya mai zartsi yana kashe shayi, yana sa masa wata yana a sama, don haka a nemi ruwa mai daɗi. Idan ganyen mai laushi ne, a bar tafasasshen ruwan ya huce minti biyu kafin a zuba, a kuma tace bayan minti uku. Kada a ɗora shi a wuta yana ta ɓararraka, domin a nan ne ɗaci ke fitowa ya danne komai. A shinshina kafin a kurɓa. A riƙe kurɓar farko a baki kaɗan. Bayan an haɗiye a saurara: me ya rage a harshe, kuma tsawon wane lokaci ya ɗauka kafin ya tafi? Shayi mai kyau yana barin ƙamshi da wani ɗan zaƙi a bayan baurin. Na banza yana barin ɗaci da maƙaƙi, ko ya wuce kamar ruwan zafi. Hanya mafi sauƙi ta koyo ita ce a haɗa iri biyu a lokaci guda, a riƙa kurɓar wannan ana komawa wancan, domin harshe ya fi gane abu idan da abin gwadawa a gefe. Ganyen kuma a ajiye shi a rufe, nesa da daddawa da turaren wuta da kananzir, saboda yana jan warin duk abin da ke kusa da shi.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce wannan iyayi ne na masu kuɗi. Leburan da ya tsaya wurin mai shayi da asuba ƙarfin jiki yake nema, kaurin nan da burodi su ne abincinsa har azahar, ina ruwansa da ƙamshin fure? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar kauri ba. Kauri abinci ne. Abin da muke cewa shi ne akwai wani shayin a gefensa, wanda ma ya fi shi araha tunda ba madara a ciki. Ɗanɗanawa ba ta cin kuɗi, hankali take ci. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsohuwar da ke cin goro tana rarrabe daushe da sabon goro tun kafin ta kai baki, ta san darajar ɗan Laɓoji. Mai sayen kilishi ya san hannun da ya yi shi. A Agadas da Damagaram, masu dafa shayin Buzaye suna zama a kan 'yar buta da gawayi su sha zagaye uku daga ganye ɗaya, na farko mai ɗaci da ƙarfi, na biyu ya sassauta, na uku mai zaƙi, kuma kowa a majalisar ya san idan mai dafawa ya ɓata. Waɗannan duk ba attajirai ba ne. Harshen yana nan, ganyen baƙin shayi ne kawai ba mu juyo da shi kansa ba.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan zafi. Za a ce duk wannan yabon ƙamshi bai hana masu tsinkar ganyen zama cikin talauci ba. Wannan ma gaskiya ne. A Darjeeling mafi yawan masu tsinka mata ne, jikokin mutanen Nepal da aka kawo aikin tun zamanin Turawa, kuma ladan yininsu bai kai dala 4 ba, alhali kilo ɗaya na tofon farko yana iya kai ɗaruruwan daloli a shagunan Turai da Japan. A 2017 yajin aikin siyasa na kwana 104 ya rufe gonakin a daidai lokacin tofo na biyu, kuma tun kafin nan abin da yankin ke fitarwa yana ta raguwa, ga tsufan itatuwa, ga sauyin yanayi, ga matasa na barin aikin. Suna mai tsada bai tabbatar da adalci ba. Sai dai mu duba ɗaya gefen. Manomin da ganyensa ba shi da suna, wanda ake zubawa cikin gauraye, ba shi da ko abin riƙewa wajen ciniki, domin idan ya ƙi sayarwa za a sayo na wani a wata ƙasa. Wanda mai saye ke nema da sunan dutsensa shi ne ke da bakin magana. Yaƙin raba ribar yana zuwa ne bayan an samu ribar.

Masu noman inabi na Faransa suna cikin waɗanda suka mayar da wannan tunani doka. A yankin Burgundi mai sanyi, inda ake yin jar giyar inabi da ake ji da ita a duniya, sun yanka gangarensu filaye fiye da 1,200, kowanne da sunansa, saboda sun yarda cewa inabin wannan fili dabam yake da na maƙwabcinsa a baki. A 1935 ƙasar ta kafa tsarin da ya hana kowa ara sunan wuri ya liƙa wa kayan da ba a can aka noma ba. Abin da suke yi da inabin ba namu ba ne, addinin mafi yawanmu ya haramta shi, amma dokar ta bi duniya ta shiga kayan da kowa ke ci. Darjeeling shi ne kaya na farko da Indiya ta yi wa irin wannan rajista a 2004, bayan an daɗe ana kukan cewa abin da ake sayarwa da sunan ya ninka abin da gonakin ke fitarwa, Tarayyar Turai kuma ta amince da sunan a 2011. A nan kusa da mu, barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru sun samu tasu rajistar a 2013. Sai dai doka ba ta ƙirƙiro ɗanɗano ba. Mutane ne suka fara ganewa da bakinsu cewa wannan dabam yake, suka ba shi suna, suka nace da nemansa, sannan doka ta biyo baya.

A nan ne maganar ta dawo gida. A Jihar Taraba, cikin ƙaramar hukumar Sardauna, akwai tsaunin Mambila, wanda tsayinsa ya kai wajen mita 1,600, inda mutum ke neman bargo a ƙasar da aka sani da zafi. A Kakara ana noman shayi, akwai masana'anta, kuma Highland Tea da ake gani a wasu shagunanmu daga can yake fitowa. Bayan gonar kamfanin akwai ƙananan manoma da ke noma ganyen su sayar. A tsallaken iyaka, kan duwatsun Ndu na Kamaru, ana yin irin wannan noma. Tsayin nan ya zarce mizanin da Siri Lanka ke kira shayin kan dutse. Ba za mu ce na Mambila daidai yake da na Darjeeling ba, kowane dutse da halinsa, irin itacen da yadda ake sarrafa shi ma suna da tasu rawar. Tambayar ita ce, mu nawa ne muka taɓa haɗa shi zalla muka ajiye kusa da na waje muka gwada? Mu nawa ne za su iya faɗin abin da ya raba su? Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Muddin mai saye launi da ƙarfi kaɗai yake nema, masana'anta ba ta da dalilin ware ganyen da ya fi kyau ta sarrafa shi ta hanyar asali, manomi kuma ba shi da dalilin tsinkar toho da ganye biyu maimakon ya wafto reshe.

Mu da muke riƙe da alƙalami muna da rabo a wannan aiki, domin ɗanɗanon da ba shi da suna ba ya zama a ƙwaƙwalwa. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da bauri, muna da ɗaci, kuma ba abu ɗaya ba ne: bauri a fatar baki ake jin sa, ɗaci kuma a harshe. Muna da maƙaƙi na maƙogwaro, da garɗi irin na soyayyar gyaɗa, da ƙauri na abin da wuta ta taɓa, da lami da salam na abin da ba shi da rai. Idan littattafan Turawa sun ce shayi yana ƙamshin wani ɗan itacen da ba mu taɓa gani ba, ba dole mu bi su ba. Mu auna da abin da hancinmu ya sani: ƙasa bayan ruwan farko, furen mangwaro, busasshen dabino, ɗanyen kara, harawa, zuma, tsamiya. Mutum biyu za su iya saɓani a kan kofi ɗaya, wannan ya ce harawa, wancan ya ce ɗanyen kara, kuma saɓanin ma ci gaba ne a kan “da daɗi” da “ba daɗi” da muke ta maimaitawa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo a wannan mako. Kowa ya nemi ganyen shayi iri biyu, in da hali ɗaya ya zama na Mambila. A haɗa su lokaci guda, ruwa ɗaya, minti ɗaya, ba madara, ba sukari, ba citta ko kanumfari. A kurɓa a natse, a rubuta jimla uku a kan kowanne ba tare da an yi amfani da kalmar daɗi ba. Wanda ya gama ya ga har yanzu kauri ya fi masa, ya zuba madararsa, ba laifi, aƙalla yanzu ya san abin da ke ƙarƙashinta. Wanda kuma ya ji wani abu da bai taɓa ji ba, ya tambayi mai shagon unguwarsu daga ina ganyen ya fito. Idan masu tambayar suka yi yawa, saƙon zai isa Kakara.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.